Gwaggo Likita da Numfashin Jarirai

Tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida ranar da aka binne Gwaggo ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Kafin mu dawo daga maƙabarta motoci sun cika layin gidanmu na unguwar Yola, nan Karaye, har mai shayin bakin hanya ya janye teburinsa ya ba su wuri. Yawancinsu daga Kano suke, likitoci da malaman jami'a. Ka ga mutum da babbar riga yana neman yadda zai tanƙwashe ƙafa a tabarma, ka san ya daɗe bai zauna a ƙasa ba.

Wani mai furfura a cikinsu ya durƙusa gaban Baba, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ya ce yana cikin ɗalibanta na farko.

"Alhaji, ban sani ba ko kun san wadda kuka rasa," in ji shi. "Akwai ƙasashen da in na je taro na faɗi sunan malamata, sai a tashi a sake gaishe ni. Da rubuce-rubucenta ake koyar da likitocin yara."

Baba ya ce, "Allah sarki. Mu dai Yayarmu muka sani. Allah ya ba da lada."

Likitan ya buɗe baki zai ƙara magana, kuka ya ci ƙarfinsa. Baba ne ya koma yana ba shi haƙuri.

A cikin gida kuwa wani taron ne daban. Mata ne daga Daura ta nan ƙasar Karaye da Jajaye da ƙauyukan Rogo, wasu a babur suka zo, wasu a ƙafa, da goyo a baya. Babu wadda ta taɓa ganin takarda ɗaya daga cikin rubutun da ake yabo a waje. Matata ta ce mini wata tsohuwa ta zauna a bakin ɗakin Gwaggo tun hantsi har la'asar, ba ta ci ba ta sha ba, abin da take maimaitawa kawai shi ne, "Ita kaɗai ce likitar da ta taɓa tambayata me na gani."

Na zauna tsakanin waɗannan taruka biyu ina amsa gaisuwa, sai na lura kowane ɓangare rabinta ya sani. Mutanen jami'a za su rubuta nasu da Turanci, kuma za su iya. Ni malamin firamare ne a Jajaye, ba likita ba. Abin da na sani shi zan rubuta, har da wanda ban so a sani ba, don 'ya'yana su tashi su san ko wace ce.

Yayar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu malamin allo ne, kuma ita ce ta fara sauke Alƙur'ani a cikin 'ya'yansa, shi ya sa da ta nemi shiga makarantar boko bai hana ta ba. Sunansa aka sa mini, don haka Gwaggo ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini. In kuma na ji ta ce Malam, to na san na yi laifi ko akwai aiki.

Tun muna yara mun san Gwaggo da tsohon agogon hannunta mai siririn tsinke da ke ƙirga sakan. Duk gidan barka ko suna da ta shiga, in aka miƙa mata jariri, ba ta fara da duba kamanni kamar sauran mata. Sai ta ɗora shi a cinya, ta ɗage rigarsa, ta zuba wa cikinsa ido, ɗaya idon a kan agogo, leɓenta yana motsi. Minti ɗaya cur ba ta amsa ko sallama. Mata da yawa sun ɗauka addu'a take yi, har sukan ɗaga hannu su shafa in ta gama. Numfashinsa take ƙirgawa. Sai ta gama sannan ta yi addu'ar, ta ce, "Masha Allahu, hancin ubansa ne."

Ba ta shiri da hayaƙi a ɗakin mai jego. Na tuna ranar sunan ƙanwata autar gidanmu, Inna ta cika kasko da garwashi ta zuba turaren wuta, an rufe taga don kada sanyi ya shiga. Gwaggo ta shigo, ko zama ba ta yi ba, ta ɗauki kaskon ta fitar tsakar gida, ta dawo ta buɗe taga.

"Haba Yaya," in ji Inna, "turaren nan fa mai kyau ne, daga Kano aka kawo."

"Na sani, tun daga zaure ya tare ni. Ki kai ɗakin mijinki, shi huhunsa ya ƙosa. Wannan baiwar Allah kwana bakwai ke nan da nata ya fara aiki."

Mata suka kwashe da dariya. Inna ta yi fushi har yamma, amma daga ranar ba a sake kunna turare a kan jariri a gidanmu ba.

Allah bai ba Gwaggo haihuwa ba. Mijinta ya rasu tun ina sakandare, ba ta kuma sake aure ba. Lokacin da nake kwalejin horar da malamai a Kano, a gidanta nake hutun ƙarshen mako. Wata Asabar ta ce in raka ta asibiti ta duba wani yaro. Ta sa na wanke hannu har gwiwar hannu, na cire takalmi, sannan muka shiga ɗakin jarirai. Ban taɓa ganin mutane ƙanana haka ba. Akwai wanda cinyarsa ba ta fi babban yatsana ba. An sa masa siririyar roba a hanci, ɗaya bakin robar yana cikin kwalbar ruwa, ruwan yana ta ɓulɓul.

Na ce, "Gwaggo, wannan kuma fa?"

Ta ce, "Ka taɓa hura sabon balan-balan? Hurawar farko ta fi wuya. In kuma ka bari iskar ta fita duka, sai ya manne, ka koma farko. Haka huhun bakwaini yake. Wannan kwalbar tana riƙe masa 'yar iska a ciki don kada ya manne."

"Ke kika ƙirƙiro ta?"

"Ina! Wasu suka riga ni. Nawa aikin shi ne in gano yadda za ta yi amfani a inda wuta ba ta zama, kuma nas ɗaya ce ke kula da ɗaki guda. Wanda ya ƙirƙiro ta bai san wannan matsalar ba."

Ranar na fito ina jin babu wanda ya kai gidanmu. Na riƙa gani a raina cewa duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu yana da kariyar da sauran ba su da ita.

Bayan na fara koyarwa a Jajaye na auri 'yar garin. Da cikinta na fari ya tsufa ta koma gidan iyayenta, kamar yadda aka saba. Ta haihu a tsakiyar damina, kafin lokaci da 'yan makonni. Namiji ne. Na je na gan shi sau ɗaya, a tsaye, ban ko ɗauke shi ba, saboda gidan surukai ne kuma ɗan fari ne. Na ji yana wani ɗan nishi duk lokacin da ya saki numfashi. Na ɗauka haka jarirai suke yi.

Kwana na biyu da hantsi aka aiko makaranta a kira ni. Na tarar ya daina kama nono, leɓensa ya canza launi. An yi ruwa tun asuba, rafi ya cinye hanyar mota. Muka hau babur, surukata ta rungume shi a cikin zane, ni ina biye a wani babur ɗin. Ba mu kai Rogo ba ta taɓa kafaɗar mai babur ta ce ya tsaya. A gindin wata ɗorawa muka tsaya. Ta buɗe zanen, ta mayar ta rufe. Ko suna ba a kai ga raɗa masa a taro ba.

Gwaggo tana ƙasar waje a taron likitoci. Sai bayan kwana goma ta dawo, ta zo Jajaye kai tsaye. Ta same ni a zauren gidan da nake haya. Ta yi mini gaisuwa, ta yi addu'a, na amsa. Daga nan sai ta buɗe jaka ta fito da littafin rubutu da biro.

"Babana, ina so ka faɗa mini yadda abin ya faru. Yaushe aka fara jin nishin? Wa ya fara ji? Me aka ce? Tsakanin lokacin da aka ji da lokacin da kuka hau babur, awa nawa ne?"

Na kalli littafin, na kalle ta. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Gwaggo, ɗana ne fa ya mutu. Ba darasi ba ne."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kina can kina ceton 'ya'yan mutanen birni, kina yawon ƙasashe ana tafa miki. Na gidanku ya mutu a kan babur. Ina kwalbar taki take ranar? Me karatunki ya tsinana mana?"

A gidanmu ba a ɗaga wa babba murya. Na jira ta zage ni, ko ta tashi ta kai ƙarata wurin Baba. Sai ta rufe littafin a hankali, ta mayar jaka, ta ce, "Gaskiya ka faɗa, Babana." Ta gyara mayafinta ta fita.

Shekara biyu ban taka gidanta ba. In mun haɗu a Karaye da Salla, in durƙusa in ce ina wuni, in tashi kafin ta gama amsawa. Ta aiko mini da shadda, na ba ƙanena. Baba ya kira ni har ɗakinsa ya ce, "Yayata ce fa. In ba ka gaishe ta don kanta ba, ka gaishe ta don ni." Na ce to, ban kuma canza ba.

A cikin shekarun nan ne na fara jin labarin Gwaggo tana yawan zuwa ƙauyuka. Yau a ce an ga motarta a Daura, wani satin a ce tana wani ƙauye a Rogo. Ba allura take kawowa ba, ba magani ba. Zama take yi da ungozomomi da kakanni a tsakar gida tana tambayarsu. Wata rana da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, na dawo daga makaranta na ga matata tana shirin fita. Ta ce Gwaggo ta zo gidan ungozomar garin, can za ta.

Na ce, "Ba za ki ba."

Matata ba mai musu ba ce. Ranar ta ajiye mayafin, ta zauna a kan turmi, ta dube ni.

"Malam, akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka kori Gwaggo, daga wurinka gidanmu ta zo. Ta yi mini tambayoyin nan da ta yi maka, na kuwa amsa mata duka."

Na ce, "Ke ma sai da ta buɗe miki littafi?"

"Ta buɗe. Kai ka ji haushin tambayar. Ni kuwa kwana goma ina jiran wanda zai yi mini ita." Hawaye ya fara zubo mata amma muryarta ba ta rawa. "Ni na fara jin nishin yaron nan, tun ranar da aka haife shi. Na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. Na faɗa wa kakata, ta ce ji yarinya marar kunya, ɗan fari kike wa wannan rawar jikin? Mata suka yi dariya. Sai na juya fuskata bango na yi shiru. Kwana ɗaya da wuni ina jin sa, ina shiru. Kowa ya zo sai ya ce haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne. Amma babu wanda ya tambaye ni me na ji, sai ita."

"Me ta ce miki?"

"Ta ce ba laifina ba ne, ba kuma laifin kakata ba ne, tarbiyyar da aka yi mata ta yi mini. Ta ce kunnena ya yi daidai, in ƙara yarda da shi. Tun ranar na fara iya barci."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, ban hana ta ba. Na zauna ina tuna yadda ni ma na tsaya a bakin ƙofa na ji nishin, kunya ta hana ni ko ɗaukar ɗana. Ashe fushin da nake yi da Gwaggo, rabinsa da kaina nake yi.

Matata ce ta ba ni labarin zaman ranar. Ungozomar Jajaye tsohuwa ce mai kaifin baki, kusan duk wanda ke garin ita ta yanke masa cibiya. Ta bar Gwaggo ta gama bayani, sannan ta ce, "Likita, ke haihuwa nawa kika yi?"

Kowa a wurin ya san amsar.

Gwaggo ta ce, "Ko ɗaya, Iya. Shi ya sa na zo wurinki. Jariran da nake gani a asibiti sun riga sun galabaita. Ke kike ganinsu tun abin yana farawa. In yaro zai sha wuyar numfashi, me kike fara gani?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tofar da goron bakinta ta ce, "Hancinsa. Yana buɗewa kamar na ɗan akuya da ya yi gudu." Gwaggo ta rubuta. Daga ranar suka ƙulla aminci, har in Gwaggo ta yi wata biyu ba ta zo ba sai tsohuwar ta aika a tambayi lafiya.

Ni dai har lokacin ban je ba. Ita ta zo. Wata Talata ina tsakiyar koyar da 'yan aji huɗu, sai na ga yara sun miƙe suna gaisuwa. Na juya, ga Gwaggo a bakin ƙofa da jakarta.

"Malam, in ka tashi ina gindin darbejiya. Aiki na kawo maka."

Na same ta zaune a bencin hedimasta tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ta miƙo mini takarda. Ta ce tana so a yi kati da za a rarraba a gidaje, mai ɗauke da alamomin da in an gani a jikin jariri ba a jira. Ta rubuta da Hausa, amma tana so wanda yake koyar da Hausa ya duba.

Na karanta. Duk da nauyin da ke zuciyata sai da dariya ta kuɓuce mini.

"Gwaggo, wannan ai Turanci ne ya sa rigar Hausa. Wace kaka ce za ta gane 'matsalar tsarin shaƙar iska'?"

"To, ya za a ce?"

"A ce yaro yana nishi. A ce ƙirjinsa yana lotsawa."

"Rubuta."

Muka zauna har aka yi azahar muna jayayya a kan kalmomi. Ni in ce wannan ba Hausa ba ce, ita ta ce waccan ba daidai ba ce a likitance. Na so a rubuta "yana haki", ta ce haki kowa da yadda yake ganinsa, a rubuta a ƙirga minti ɗaya, in ya wuce sittin a tafi. A ƙarshe ta ce akwai layi ɗaya da take so a sa a sama da manyan baƙaƙe, kuma ba don masu jego ba, don kakanni: in uwa ta ce ta ji wani abu, a duba, ko da ɗan fari ne.

Na riƙe biron na kasa rubutawa. Na sauka daga bencin na durƙusa.

"Gwaggo, maganar da na faɗa miki ranar nan..."

"Tashi, ɗalibanka suna kallo."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun ban kai mota ba. Zauna." Ta share ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Manyan malamai da yawa sun duba aikina, sun yi gyara, sun yaba. Babu wanda ya tambaye ni yaran da ba su iso asibiti ba. Kai ka tambaya. Ka yi rashin kunya, amma ka tambaya." Sannan ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Bai kamata in buɗe maka littafi ranar ba. Tun daga filin jirgi nake tunanin me zan ce maka, ban samu ba. Littafin kaɗai na iya riƙewa, shi ya sa na riƙe shi."

Ban taɓa jin Gwaggo ta ce ba ta san abin da za ta faɗa ba, sai ranar.

Shekaru da yawa bayan haka muna aikin nan tare. Ta fi yawan zuwa da rani, lokacin da hanya take da kyau kuma mata sun huta daga aikin gona. Wani lokaci ta zo da ɗalibanta likitoci, ta sa su cire takalmi su zauna a tabarma su saurari tsofaffi. In ɗaya ya katse tsohuwa don ya gyara mata magana, sai Gwaggo ta ce, "Likita, ka bari ta gama, ba ita ta zo jarrabawa ba." Ta je wurin malaman gari ta roƙe su su faɗa wa maza a masallaci cewa kai jariri asibiti kafin suna ba laifi ba ne. Matata ta zama 'yar rakiyarta, ita ke shiga ɗakunan da ake jin nauyin likita.

Ba zan ce Gwaggo ta ceci wani ɗa nawa ba. 'Ya'ya mata huɗu Allah ya ba mu daga baya, dukansu lafiya lau aka haife su, ba wadda ta buƙaci komai. Ba kuma zan ce yara sun daina mutuwa a ƙauyukanmu ba. Har yanzu rafin nan yana cin hanya da damina. Akwai ranar da aka kawo mata labarin wani jariri da aka ga alamar da wuri, aka tafi da wuri, kuma bai rayu ba. Ta zauna a mota ta daɗe ba ta ce direba ya ja ba. Amma na ga da idona kakanni suna ɗage rigar jariri suna duba ƙirjinsa, abin da ban taɓa gani ba ina yaro. Likitan nan mai furfura ya ce mini a wurin gaisuwa, a duk rubuce-rubucenta, waɗanda ta yi a kan abin da ke faruwa a gida kafin a iso asibiti su aka fi karantawa. Ban faɗa masa daga inda suka samo asali ba.

Da ta yi ritaya, mun ɗauka za ta zauna a gidanta na Kano. Sai ta tattaro littattafanta ta dawo Karaye, ɗakin da kakarmu ta zauna. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ko da yake kullum sai sun yi faɗa. Ita ta ce yana cin gishiri da yawa, shi ya ce tun suna yara take mulkinsa. Da yamma su zauna a tsakar gida su biyu, tsofaffi, suna gardamar wace shekara ce fara ta cinye gero, kowa ya rantse ɗan'uwansa ne ya manta. Tana son tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ba ta shan shayi mai madara, kuma har ta rasu ba ta yarda a kira ta Farfesa a cikin gida ba.

Ciwon nata bai daɗe ba. Ta san abin da yake damunta fiye da masu duba ta, ta kuma faɗa wa Baba gaskiya tun da wuri, ta ce kada a wahalar da ita da tafiye-tafiye. Matata ta tare a ɗakinta tana jinya. Ranar Alhamis bayan asuba ta cika, Baba yana riƙe da hannunta yana laƙƙana mata kalmar shahada.

Kwana tara da rasuwar, baƙi sun ragu, mun zauna da matata a ɗakin da safe muna haɗa kayanta. Sai wayar Gwaggo ta yi ƙara a cikin jaka. Ba wanda ya tuna ya kashe ta. Muka kalli juna. Matata ta ɗauka ta sa a kunne, ina jin muryar daga inda nake. Yarinya ce, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce daga wani ƙauye take bayan Rogo, wata maƙwabciya ce ta ba ta lambar, shekaranjiya ta haihu, tana neman Likita.

Matata ta rufe ido. Na ɗauka za ta fashe da kuka, na miƙa hannu in karɓi wayar. Ta ture hannuna.

"Likita ta rasu, 'yar'uwa. Amin, amin, na gode. Kada ki kashe. Faɗa mini, yana kama nono? To. Ɗage rigarsa ki duba ƙasan haƙarƙarinsa. Yana shiga ciki?" Ta saurara. "Wa ke kusa da ke? Kakarsa? Ba ta wayar."

Ta miƙe tsaye, ta gaishe da tsohuwar da ladabi, ta tambayi gida da gajiyar biki. Sannan ta ce, "Iya, don Allah a manna shi a ƙirjin uwarsa a rufe su da zane, a nemi abin hawa yanzu. Kada a jira azahar. Ni ma ga ni nan tafe, mu haɗu a asibitin Rogo."

Ta kashe wayar ta jefa a jakarta, ta ce, "Malam, tashi ka tayar da babur."

Na tashi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabarinta, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu da muka rage, Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.